Shafin 'Yan Baranda

Auta ake ce mata a gida, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki, don ran da ta fara zuwa mahaifinta ya biyo ta har gindin matakala yana kiran, "Auta, kin bar cajarki," kowa na ji. Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, warin sabuwar roba na hawowa ta taga in rana ta yi zafi. Shafukan intanet suke ginawa masu otal da masu sayar da takalma da makarantun kuɗi. Nata ɓangaren haɗe-haɗe ne. Sai ta ɗauko taswira daga wannan kamfani, ta jawo hasashen ruwan sama daga wancan, ta jono hanyar aika saƙon tes daga na uku, ta zuba su a shafi guda su yi aiki tare kamar ciki ɗaya suka fito. Tana jin daɗin aikin, ko da yake yawancin abin da take haɗawa bai wuce nuna wa mutum inda zai sayi takalmi ba.

Kujerar da ke kusa da tata ta Dogo ce, wanda in ya miƙe sai ya sunkuya wa fanka. Ya fi kowa iya aiki a ofishin, ya kuma fi kowa ƙarancin magana. Shekarunsu tare, amma hirarsu ba ta wuce "miƙo min wayar nan" da "an kawo wuta?" ba.

Sai ƙodar Baba ta tsaya. Abin ya fara da kumburin ƙafa, yana cewa tsufa ne, har ran da takalminsa ya ƙi shiga. Likita ya ce sai wankin ƙoda, kuma ba abin yi ne a daina ba. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, Yaya kuma yana aiki a wani gari mai nisa da iyalinsa. Sai ya turo tsohuwar motarsa, mai ƙofar baya ɗaya da ba ta buɗuwa sai daga waje, Auta ta zama direba kuma mai jinya. Maigidansu a ofis ya yarda ta riƙa aiki daga asibiti a ranakun wanki, tunda kwamfutarta a jaka take.

A nan ta san baranda. Doguwa ce, a gaban ɗakin da na'urorin suke, da bencina na ƙarfe a jere da bango, da talabijin a sama da ba a taɓa jin muryarsa ba. Majinyata su shiga ciki a jona su da na'ura, masu rakiya su zauna waje su yi ta jira. Yau da gobe sai aka saba. Akwai Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke kawo mijinta, wadda har yanzu in ta ce a yi shiru sai manyan maza su gyara zama. Akwai Mai Tasi da ke kawo mahaifiyarsa, ya ajiye ta ya fita ya ɗan zaga gari ya dawo. Akwai Tela, mutum mai tsafta da ƙarancin surutu, shi majinyaci ne amma shi kaɗai yake zuwa, ya zauna a ƙarshen benci da hularsa a gwiwa har a kira shi.

Malama ta buɗe musu zauren hira a waya don a riƙa sanar da juna. Niyyar mai kyau ce, sai dai zauren ya zama kasuwa. Gari na wayewa a fara ina kwana da hoton fure, sai addu'o'i, sai amin amin kamar ruwan sama, sai wani ya turo saƙon murya mai tsawo a kan wani ganye da aka ce yana wanke ƙoda. In Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, ta aiko da sanarwa, kafin a gani ta nitse.

Haka ta faru da su wata safiya. Ruwa ya kwana yana zuba, hanya ta cushe, Baba na kwance a kujerar baya yana numfashi sama sama. Da ƙyar suka isa, sai Sista ta tare su a ƙofa da fuskar ban haƙuri: na'ura ɗaya ta lalace, an ɗaga layinsu zuwa yamma, ai ta sanar tun da safe. Auta ta duba waya. Ga sanarwar can, tsakanin hoton fure da amin. Komawa gida wahala ce, zama ma wahala, sai Baba ya wuni a kan bencin ƙarfe da kansa a cinyarta. Bai yi ƙorafi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. A wunin nan ne kuma ta gane cewa wata mata da ke kawo ƙanwarta a motar haya, layinsu ɗaya da su, gida kaɗan ne tsakani, alhali ita kullum tana zuwa da kujera babu kowa.

Da suka koma gida ta fara. Ta ɗauko taswirar da ta saba aiki da ita, ta ɗora mata bayanin cunkoson hanya da na ruwan sama. Ta roƙi Sista ta riƙa shigar da canjin lokaci a wani ɗan akwati a shafin, da zarar ta shigar kuwa saƙon tes ya tafi wayar duk wanda abin ya shafa. Kowa kuma zai sa alamar gidansa a taswira, don a ga wa ke kusa da wa. Ta nuna wa Dogo a ofis tana neman shawara. Ya duba, ya ce abin ya yi kyau, amma ta sani irin waɗannan mutanen ba za su buɗe shi ba, ɓata lokacinta take. Ta ji haushi, ta janye kwamfutarta. Kwanaki suka yi ko "an kawo wuta?" ɗin ma babu.

Baba kuwa, da ta yi masa bayani yana shan shayinsa maras madara, sai ya gane tun kafin ta gama. Shi tsohon mai gyaran famfo ne.

"To ai aikina kika gada," ya ce. "Rijiyar ba taki ba ce, tankin ba naki ba ne, ke dai bututu kike jonawa ruwa ya isa gidan mutane. Sai dai ki kula da mahaɗa, Auta. Duk yoyo a nan yake."

Ta yi dariya, ta ce ta ji.

Ran da ta nuna shafin a baranda an sha yabo. Aka kewaye kwamfutarta, wannan ya ce Allah ya yi albarka, wancan ya ce 'ya'yan zamani sai a bar su. Aka watse. Mako ya zagayo, ta duba, in ban da ita da Sista babu wanda ya shiga. Ta zauna a benci tana tuna maganar Dogo, ranta a jagule.

Malama ce ta matso kusa da ita. Ba ta yi kwana kwana ba. Ta ce shafin kamar ɗakin amarya yake, ya yi kyau har mutum yana tsoron ya taka. Ta ce Auta ta ɗaga kai ta dubi mutanen barandar nan: kowa hannunsa ɗaya na riƙe da majinyaci ko leda ko kwalbar ruwa, rabinsu idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu, wasu wayarsu ta tsage kamar gidan gizo. Wa zai tsaya yana jan taswira da yatsa biyu?

Maganar ta yi wa Auta zafi, amma ta san mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ta juyo da kwamfutar ta ce, "To Mama, ki nuna min yadda kike so."

Daga ranar barandar ta koma ɗakin zane. Malama ta ce a cire komai a bar manyan maɓallai da babban yatsa zai danna ba tare da kuskure ba. Aka yi ta gardama a kan abin da za a rubuta a jikinsu, har aka tsaya a kan "Ina da wuri a mota" da "Ina neman mota" da "An canza lokaci." Mai Tasi ya ce jan layin nan da ke nuna cunkoso ba ya gaya masa komai, a bar mutum ya yi saƙon murya gajere ya ce kada a bi ta gada, ruwa ya cika. Wata tsohuwa ta ce ita wayarta ba ta intanet ba ce, sai Auta ta yi dabarar da ko ta saƙon tes mutum ya aika kalma ɗaya, shafin zai karɓa. Duk abin da aka faɗa da safe, kafin majinyata su fito ta gyara ta nuna, a ce ya yi ko a ce da saura. Ba ta taɓa aiki da masu ba da aiki irin waɗannan ba. Ba su san sunan komai ba, amma sun san abin da suke so sarai, kuma in abu bai yi ba ba sa ɓoyewa.

A hankali shafin ya kama. Matar layinsu da ƙanwarta suka zama abokan tafiyarsu, Baba ya samu masu sauraron labaransa na zamanin da ake haƙa gari ana shimfiɗa manyan bututu. Zauren hira ya ci gaba da furanninsa da amin ɗinsa, babu mai jin haushi yanzu, tunda sanarwa ta samu ƙofarta daban.

Ana cikin haka wata rana Tela ya tsaya a gabanta bayan an sallame shi, hannunsa da filasta. Ya ce in ba damuwa yana son magana da ita gefe. Suka koma ƙarshen baranda wajen tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Ya daɗe yana juya hularsa kafin ya fara.

Ya ce shi a shagonsa yake kwana, don haka alamar da ya sa a taswira a kan shagon ta faɗa. Wani ya tura adireshin shafin a wani zaure na daban don neman taimako, ya yi ta yawo, har ya kai hannun masu kawo masa ɗinki. Babu wanda ya san yana ciwo, ya ɓoye ne da gangan. Yanzu wasu sun zo sun karɓe yadinsu, suna cewa kada su ɗora masa nauyi. Wata ma a gabansa ta ce wa 'yarta gara a kai inda ake da tabbas.

"Ba ƙara na kawo ba, 'yata," ya ce. "Na san alheri kika nufa. Na dai ce in faɗa miki, don akwai irina da yawa a bencin nan da ba za su iya buɗe baki ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi tunanin launi da girman maɓalli da saurin buɗewa, ba ta taɓa tunanin wanda zai ga shafin ba da izini ba. Ta ce, "Kawu, ka yafe ni. Yanzu zan rufe shi gaba ɗaya."

Ya ɗaga hannu ya ce kul. Ya ce tun da aka fara shafin nan bai ƙara tsayuwa a bakin titi bayan wanki yana jiri yana jiran mota ba, in ta rufe ta ƙara masa ciwo a kan ciwo. Shawararsa ita ce a daina sa gida. Kowa ya zaɓi wurin haɗuwa kusa da shi, gidan mai ko bakin kasuwa ko tashar bas, inda kowa ke tsayawa ba a tambayi dalili ba. A ranar ta share duk alamun gidaje, ta sa wa shafin ƙofa, ba mai shiga sai wanda Malama ko Sista suka san fuskarsa. Ta tsaya a gaban 'yan baranda ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta ambaci suna ba, ta ba da haƙuri. Tela ne na farko da ya sake shiga, ya zaɓi wani kantin magani da ke kwanar layinsu. Waɗanda suka karɓe yadinsu ba duka suka dawo ba, kuma bai sake tayar da zancen ba. Ita dai duk ran da ta gan shi sai ta ji nauyinsa, shi kuwa sai ya tambaye ta jikin Baba kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Watanni suka shuɗe a haka. Sai wata rana da hantsi, tana tsallaka titi gaban ofis da ledar burodi a hannu, wani mai babur ya kwashe ta. Ta farka a gadon asibiti, wani asibitin daban a ɗaya gefen gari, ƙafarta ta dama a karye wuri biyu, hannunta a naɗe, wayarta ta farfashe a wurin. Aka yi mata aiki. Kwanakin farko tsakanin barci da farkawa ta yi su, in ta buɗe ido abu ɗaya ke zuwa mata: wa zai kai Baba? Yaya ya zo a gigice, ya kwana biyu, wurin aikinsa suka matsa ya koma. Ya ce mata kada ta damu, an shirya komai. Ta ɗauka irin maganar da ake yi wa maras lafiya ce.

Da ta ɗan samu kanta ta ari wayar wata mai jinya a gadon kusa, ta buɗe shafin. Fari fat. Inda taswira take sai wani ɗan rubutu da ke cewa an rufe wannan hanya. Nan take ta tuna: kamfanin taswirar ya aiko da sanarwa tun tuni cewa zai canza tsarinsa, duk mai jone da shi ta tsohuwar hanya ya sake jonawa. Ta sa a ranta za ta yi a ƙarshen mako, babur ya riga ta. Kuma yadda ta ƙulla abin, in taswira ta faɗi, neman mota ma ya faɗi. Ta mayar da wayar ta juya fuska bango ta yi kuka mai isarta. Ga ta kwance ba ta iya ko zuwa banɗaki ita kaɗai, ga mutane can sun dogara da abin da ya mutu.

Bayan kwanaki sai ga Baba da kansa ya shigo ɗakin, Mai Tasi na riƙe da hannunsa. Fuskarsa fes, ƙafarsa ba kumburi, alamar bai rasa wanki ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin gado, ya duba filastar ƙafarta ya ce aikin bai yi laifi ba, ko da yake da shi ne da ya fi daidaita ta. Sannan ya ba ta labari, Mai Tasi na cike masa inda ya tsallake.

Ran da shafin ya mutu, Malama ta tsaya a tsakiyar baranda ta raba mutane da baki, wane ya ɗauki wane, kamar tana raba ɗalibai aji aji. Baba kuwa har rububinsa aka yi. Amma ta ce wannan ba zai ɗore ba, sai a nemo wanda ya san kan abin. Baba ya ce akwai wani dogon yaro a ofishinsu. Washegari Malama da Tela suka shiga tasi suka nufi shagon tayoyi. Tela bai daɗe da sauka daga na'ura ba, matakalar nan kuwa a tsaye take, sai da ya huta a tsakiya yana riƙe da bango, amma ya ƙi a bar shi a ƙasa. Suka shiga ofis, Malama ta tambayi wane ne Dogo, ko da yake da ya miƙe tambayar ta zama ta banza.

Mai Tasi ya ce yana bakin ƙofa yana kallo. Malama ta fara dogon bayani, Dogo ya saurara idonsa na kan kwamfutarsa, har ta ɗauka wulaƙanci ne. Da ta gama sai ya ɗauki jakarsa ya ce, "Mu je in gani."

A baranda ya yi aikin, a kan bencin da Auta ke zama, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ya ce maimakon a koma wa kamfanin da zai iya sake rufe ƙofa gobe, gara a jona da wata taswira da 'yan sa kai na ƙasashe daban daban suke zanawa, kowa na da izinin amfani da ita da ƙara mata. Ya jona, shafin ya dawo. Sai aka tarar da wata matsalar: a sabuwar taswirar tsakiyar gari ta fito tsaf, amma unguwannin bayan gari, inda yawancinsu suke, fili ne kawai da 'yan layuka. Wuraren haɗuwa da yawa suna shawagi a kan babu.

"Sai muka zana," in ji Mai Tasi, yana murmushi har kunne. "Ni ina faɗa yana ja. In na ce nan akwai kwana, wata ta ce ƙarya ne kwanar tana gaba da injin niƙa. Baba ma ya sa baki, shi ta inda bututu ya bi yake gane layi."

Baba ya ce ai shi ya raba gardama da yawa, don titi yana iya canza suna amma bututu ba ya tashi daga inda aka binne shi. Ya ce Dogo ya sa wa Mai Tasi wani abu a waya da ke bin sawun motar, duk lungun da ya shiga sai ya fito a kwamfuta kamar zaren da aka ja. Yanzu in ya sauke fasinja a unguwar da ba a zana ba, sai ya ɗan ƙara zagaye da gangan.

Auta tana ji hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne, ta kasa sharewa don hannun a naɗe yake. Baba ya sa gefen rigarsa ya goge mata, ya ce ta bar kukan haka, kada masu jinya su ce shi ya zo ya tayar mata da hankali.

Dogo bai zo duba ta ba sai da aka kusa sallamarta. Ya shigo da lemo a leda da sabuwar waya a kwali, ya ce ofis ne suka ce a kawo. Ya tsaya a gefen gado kamar wanda aka sa dole. Ta fara yi masa godiya, ya katse ta da cewa ya raba taswirar da neman mota, yanzu ko ɗaya ya faɗi ɗayan zai tsaya, kuma ya rubuta yadda komai yake a inda wani zai iya karantawa, don bai kamata abu irin wannan ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Ya ajiye ledar lemon a gefen gado. Can ya ce, yana kallon ƙarfen gado, "Na ce ba za su buɗe ba. Sun fi masu otal ɗinmu sanin abin da suke yi." Ya ƙara da cewa Malama ta sa shi zuwa duk mako, kuma bai ga hanyar ƙi ba.

Ran da ta koma baranda da sanduna biyu, Mai Tasi ne ya ɗauko su ita da Baba, ta miƙe ƙafa a kujerar baya. Ta shirya maganar da za ta yi tun a mota, amma da ta ga fuskokin sai komai ya gudu. Aka matsa mata wuri, wata ta kawo bokiti ta kife don ta ɗora ƙafar. Ta ce, "Ban san da wane baki zan gode muku ba." Malama ta ce ta adana bakin, akwai aiki. Ta karɓi sabuwar wayar Auta ta nuna mata wani sabon maɓalli ruwan ɗorawa, ƙato, ya ɗan karkace, an rubuta "Ina neman mai zama da majinyaci." Ta ce ranar da Baba ya fara zuwa ba rakiya suka ga buƙatarsa, yanzu kuwa har waɗanda ba su da mota suna da abin bayarwa. Idon Auta na ma'aikaciya ya tsaya a kan karkacewar, ta ce bari ta ɗan daidaita shi. Malama ta janye wayar ta ce a bar shi yadda yake, kowa ya riga ya san shi a haka.

Tela yana ƙarshen benci. Auta ta dogara sandunanta ta je har gabansa, ta ce ta ji labarin matakala. Ya ce ai matakala ce kawai, kuma ya daɗe yana son ganin inda ake ƙera irin waɗannan abubuwa, ashe ɗaki ne da fanka kamar shagonsa. Sannan ya dubi wandon da aka tsaga mata don filasta ta shiga, ya girgiza kai, ya ce ta kawo masa shi gobe ya sa masa zif, wannan ba shiga ba ce.

Da majinyata suka shiga ciki baranda ta lafa, Auta ta buɗe kwamfuta ta shiga dandalin 'yan sa kan da ke zana taswirar. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta rubuta musu gajeren saƙo, ta ce su wasu masu jinya ne a wani asibiti, taswirarsu ce ke kawo marasa lafiya wanki a kan lokaci, sun gode. Ba ta sa ran amsa ba. Kafin a fito da Baba sai ga amsa daga wata mata a wata ƙasa mai nisa, ta ce ita tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce da ta yi ritaya, tana duba sababbin zane don gyara kurakurai. Ta ce ta lura da wasu unguwanni da suka yi ta tsirowa a 'yan makonnin nan, layi bayan layi, har ta yi ta mamakin ko su wane ne. Ta ce akwai wata 'yar gada da aka zana ba a haɗa ta da titi ba, ta gyara musu, kuma a gaishe mata da marasa lafiya.

Auta ta karanta wa 'yan baranda saƙon a bayyane. Mai Tasi ya ce gadar nan shi ya faɗa daidai, Dogo ne hannunsa ya goce. Malama ta ce a rubuta wa matar cewa marasa lafiya suna amsawa, kuma in da hali ta duba musu bayan tashar bas, can ma akwai inda ba su tabbatar ba. Auta ta gyara zaman ƙafarta a kan bokitin, ta fara rubutawa da hannu ɗaya.